Gishirin da ke zuba kamar mai: yaya yake riƙe iskar kabon?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a aji uku, ina karantar kimiyyar sinadarai a jami'a. An ba mu aiki kan abin da ake kira ruwan ayon, wai yana shanye iskar kabon dayoksaid daga hayaƙin masana'antu. Sunayen na haddace su, amma abin da ke faruwa a cikin ruwan ne ya shige min duhu. Haɗuwa suke yi su zama sabon sinadari, ko iskar ɓuya kawai take yi? Kuma in yana da amfani haka, me ya sa ba ma jin ana aiki da shi?
— Wata ɗaliba daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi wa karatu albarka. Duka biyun da kika ambata suna faruwa, ya danganta da irin ruwan. Amma bari mu fara da shi kansa ruwan, don da yawa suna ɗauka gishiri ne aka jiƙa.

Ranar da na fara riƙe kwalbarsa a ɗakin gwaji, sai da na kai ta bakin taga ina jujjuyawa. Kamar tataccen man gyaɗa, yana bin jikin kwalba a hankali, ba wari ko kaɗan. Babu ɗigon ruwan sha a ciki, gishiri ne zalla a narke. Gishirin miya ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 801, domin ayon ɗinsa, wato ƙwayoyinsa masu caji, ƙanana ne masu daidaito, suna jeruwa tsaf kamar bulo a jikin gini. Shi kuwa wannan, ayon ɗinsa mai alamar tarawa, wato katayon, ƙato ne, karkatacce, ga jela. Ki gwada gina bango da doya ki gani. Tun da sun kasa jeruwa, sun kasa daskarewa. Paul Walden ya haɗa irinsa tun 1914, wanda ke narkewa a digiri 12, amma sai a 1999 maganar kabon ta taso, lokacin da Joan Brennecke ta Jami'ar Notre Dame a Amurka da abokan aikinta suka nuna cewa iskar tana narkewa sosai a cikinsa idan aka matsa ta, shi kuwa ba ya bin iskar ya tsere. Wannan rashin tururin shi ya ja hankalin kowa.

To, ita iskar fa? Ki tuna ɗan garuwa, sanda a kafaɗa, garwa ɗaya a dama ɗaya a hagu. Haka molekul ɗin kabon dayoksaid, wato ƙwayar iskar guda ɗaya, yake, miƙe sak: kabon a tsakiya, oksijin biyu a gefe. Su oksijin ɗin masu kwaɗayin lantarki ne, kowanne yana jan nasa rabon, sai su bar kabon na tsakiya da ɗan gibi. A jimlace molekul ɗin ba shi da caji, amma tsakiyarsa tana neman wanda zai cike mata gurbi. Nan anayon, ayon mai alamar ɗebewa, yake matsowa ta gefen sandar ya raɓi kabon ɗin. A shekarar 2000 Sergei Kazarian a Landan ya haska cakuɗar da hasken infared, ya ga alamar lanƙwasawar molekul ɗin ta rabu biyu, shaidar cewa akwai abin da ke jingine da shi. A 2004 kuma mutanen Notre Dame suka haɗa gwaji da lissafin kwamfuta: suka sauya katayon, bambancin bai taka kara ya karya ba, suka sauya anayon, sai abu ya canja sosai. Anayon masu yawan fulorin su suka fi shan iskar. Wanda ake rubutawa Tf2N ya fi PF6, shi kuma ya fi BF4.

Ga wurin da ya fi burge ni, kuma ina so ki tsaya a kansa. Idan kika cusa wannan iska da ƙarfi cikin ruwan sinadari na yau da kullum, kumbura yake yi, ya hau sama a kwalba. Ruwan ayon kuwa yana shan iska mai yawa amma da ƙyar ki ga ya ɗaga. Ina ta shiga ke nan? Lissafin kwamfuta da aka wallafa a 2005 ya nuna cewa tsakanin waɗannan karkatattun ayon akwai 'yan gurabe, sai dai yawancinsu sun yi wa iskar kaɗan. Abin da ke faruwa shi ne anayon su ɗan juya, gurabe biyu ko uku su haɗe su zama ɗaya wanda zai ɗauki baƙo. Kin san zaman tabarma ranar suna. An cika maƙil, sai ga wata gwaggo ta shigo. Ba wadda ta tashi, ba a ƙara tabarma ba, wannan ta karkata kafaɗa, waccan ta naɗe ƙafa, sai ga wuri ya samu. Ayon ɗin ba sa yarda su yi nisa da juna saboda cajin da ke riƙe da su, shi ya sa ruwan ba ya kumbura.

Wannan shi ne ɓuyan da kika tambaya, kuma riƙo ne na sako-sako. Zafin da ke fita bai wuce kilojul 10 zuwa 20 a kowane mol (ma'aunin yawan molekul) ba, kina rage matsi iskar za ta fice abinta. Matsalar ita ce a matsin iskar da muke shaƙa, ko da kabon dayoksaid zalla ce, molekul biyu ko uku kacal cikin ɗari za ki samu a ruwan. Hayaƙin tashar lantarki mai ƙona kwal kuwa kashi 12 zuwa 15 cikin ɗari ne kawai kabon dayoksaid, na mai ƙona gas bai ma kai haka ba. Don haka wannan hanya ta fi dacewa da inda iska ke zuwa da matsi mai ƙarfi, kamar tace ɗanyen gas. Duk masana'antar da ke mayar da gas ruwa, har da tamu ta Bonny, dole ta fara cire kabon dayoksaid, in ba haka ba ta daskare ta toshe bututu kafin a kai sanyin digiri 162 ƙasa da sifili.

Shi ya sa aka koma neman riƙo na gaske. A 2002 James Davis na Jami'ar Alabama ta Kudu ya liƙa wa jelar katayon sinadarin amin, mai ɗauke da naitirojin. Naitirojin na amin yana da rarar lantarki, sai ya cafki kabon ɗin nan mai gibi su ƙulla cikakkiyar alaƙa, sandar ɗan garuwa ta lanƙwashe, a samu abin da ake kira kabamet. Amin biyu ke hidimar molekul ɗaya, ɗaya ya riƙe iskar, ɗaya ya karɓi haidirojin da ya saki. Amma da ruwan ya sha iskar sai ya yi kauri kamar zuma a tsakiyar hunturu, saboda sababbin igiyoyin haidirojin da suka sarƙe ayon da juna. Abin da ba ya gudu a bututu, injiniya ba shi da yadda zai yi da shi. Wajen 2010 ƙungiyar Brennecke ta mayar da naitirojin ɗin kan anayon, aka samu ayon ɗaya yana riƙe molekul ɗaya, sannan suka zaɓi anayon masu zobe waɗanda ba su da haidirojin da zai yi saƙar, kaurin ya daina tashi. A ganina wannan ne aiki mafi kyau a fagen, don sai da aka gano dalilin kaurin a matakin molekul sannan aka yi maganinsa.

Kan tambayarki ta biyu, tsada ce kan gaba, sai kauri, wanda ke sa iskar ta yi nawar shiga. Kuma ruwan amin da ake amfani da shi tun shekarun 1930 yana da arha, an san halinsa ciki da waje, da irinsa tashar Boundary Dam ta Kanada ta fara kama kabon a 2014. Sannan kada ki yarda da duk wanda ya ce miki rashin tururi na nufin rashin illa. Na taɓa barin kwalbar wani mai PF6 ba a toshe da kyau ba har damina ta wuce. Da na dawo kanta, cikin gilashin ya yi hazo, na wanke na goge bai fita ba. Laima ce ta shiga ta farfasa anayon, asid na fulorin ya fito ya ci gilashin. Tun ranar ba na taɓa irinsa sai da safar hannu.

Ga lissafin da nake so ki sa a aikinki, don takardu da yawa suna ba da sakamako da mol ne, kuma mol yana ɓoye nauyi. Amin ɗin da aka saba da shi, MEA, giram 61 ne a mol. Kilo ɗaya na ruwansa mai kashi 30 cikin ɗari yana da mol kusan biyar, zai riƙe mol biyu da rabi na iskar, wato giram 108 ko kusa. Ruwan ayon mai katayon fosfoniyam da anayon mai zobe ya kai giram 575 a mol, don haka ko ya riƙe ɗaya bisa ɗaya, kilo ɗaya bai wuce giram 77 ba. Inda yake da dama shi ne wajen sakin iskar, domin shi MEA sai an dafa shi zuwa kusan digiri 120, kuma makamashi mai yawa yana tafiya ne wajen tafasa ruwan da aka sirka shi da shi, wanda ruwan ayon ba ya buƙata. Ki ɗauki takardun da malaminku ya ba ku, ki mayar da kowane adadi zuwa giram a kilo, ki rubuta matsin da aka yi gwajin a gefensa, da kaurin ruwan bayan ya sha iska. In kin gama ki aiko min da jadawalin, ina so in gani.