Amsa game da zuba tsohon magani a kwata

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin tambaya ko akwai laifi ki juye ragowar maganin yara da ƙwayoyin da wa'adinsu ya ƙare a kwatar ƙofar gida, tunda ruwan sama zai kwashe su zuwa rafin Aboabo ya sirka su har su ɓace. Na yi shekaru masu yawa ina sayar da magani a ƙaramin kanti a nan Kumasi, kuma sai na faɗi gaskiya, ni ma a farkon sana'ata haka nake yi: in buɗe kwalaben da suka lalace in tsiyaye su a kwata da daddare, in ga kamar na tsabtace kanti. Wani likitan dabbobi da ke sayayya a wurina ne ya fara yi mini faɗa, daga nan na soma bin maganar.

Ruwa yana sirka magani, amma ba ya kashe shi. An ƙera ƙwayar magani ne don kaɗan daga cikinta ta yi aiki a jikin mai rai, kuma kifi da kwaɗo suna da hanta da ƙoda kamar mu. Bambancin shi ne, mu mukan sha na kwana biyar mu daina, shi kuwa kifi a cikin ruwan yake kwana yake tashi, ta gefen kunnuwansa yake shaƙar abin dare da rana. Shi ya sa ba za ki ga matattun kifaye suna yawo a saman ruwa ba, ɓarnar a hankali take zuwa. A Kanada, daga shekarar 2001, masu bincike sun yi shekara uku suna zuba sinadarin da ke cikin ƙwayar tazarar haihuwa a wani tafki da aka keɓe don gwaji, nanogiram 5 zuwa 6 kacal a kowace lita, adadin da ido ba ya gani, harshe ba ya ji. Mazan wani ƙaramin kifi suka fara samar da sinadarin ƙwai irin na mata, haihuwa ta tsaya, har jinsin ya kusa ƙarewa a tafkin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne diclofenac, maganin rage ciwon jiki, domin shi ne mutanenmu suka fi nema, daga 'yan dako a kasuwar Kejetia har tsofaffi masu ciwon gwiwa. Wannan maganin ne ya kusa shafe ungulayen Indiya a shekarun 1990, saboda suna cin mushen shanun da aka yi wa allurarsa, ƙodarsu ta lalace, har gwamnati ta hana amfani da shi ga dabbobi a 2006. Gwaje-gwaje a Turai sun nuna yana taɓa ƙodar kifi ma.

Kada kuma mu ɗauka cewa abin da muke juyewa da hannu kaɗai ne matsalar. Wani kaso na maganin da muke sha yana fita ta fitsari bai sauya ba, kuma a unguwanninmu ruwan banɗaki kwata yake bi kai tsaye. Ga masu kiwon kaji da ke zuba antibayotik a ruwan shan kajinsu, kashin ya ƙare a bakin rafi. A 2022 jami'ar York ta Ingila ta jagoranci bincike a koguna 258 na ƙasashe 104, aka tarar magungunan da suka fi yawan bayyana sun haɗa da metformin na ciwon suga da carbamazepine na farfaɗiya. A nan Kumasi, rafukan Aboabo da Subin da Wiwi duka rafin Sisa suke faɗawa, Sisa ta shiga kogin Oda, kuma a hanya akwai masu lambun latas da kabeji da albasa mai lawashi da ke ban ruwa da su. Inda ragowar antibayotik ta daɗe tana cuɗanya da ƙwayoyin cuta, nan suke koyon jure masa, sai ranar da yaro ya kwanta a ba shi amoxicillin ya ƙi ci.

Shawarata, Hajiya, ki bar kowane magani a cikin kwalbarsa ko kwalinsa, ki tara su a leda inda hannun yara ba ya kai, ki kai babban kantin magani ki tambaya ko suna karɓa, domin hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana (FDA) tana da shirin tattara irin waɗannan magunguna ta hanyar wasu kantuna don a lalata su yadda ya dace. Kada ki ƙona su a tsakar gida, hayaƙin ma cuta ne. Ni yanzu kwali guda nake ajiyewa a ƙarƙashin kanta, kuma maƙwabta kan kawo nasu su jefa a ciki. Mafi yawan abin da nake tararwa a kwalin antibayotik ne da aka sha rabi aka bari da zarar zazzaɓi ya sauka.