Malaminmu na RDM ya gagare mu: in haddace tsofaffin jarrabawa in huta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a sashen gine-gine a wata makarantar injiniyoyi a nan arewacin Kamaru, iyayena suna Garwa. Darasin RDM, wato juriyar kayan gini, ya hana ni barci. Malamin daga kudu yake zuwa, ya tattare karatun zango guda a kwana goma, ya cika allo ya goge, in an yi tambaya ya ce a koma darasin statik, wato na daidaiton ƙarfi a kan abin da ba ya motsi. A CC, wato gwajin da ake yi cikin zango, na samu 06 cikin 20, kuma fiye da rabin ajin haka suke. Na gaba da mu sun ce shi ba ya ba da maki, wai mafita ita ce in sayi "faks", tsofaffin jarrabawarsa da amsoshinsu, in haddace. Wani ma ya ce ya san wanda ke gyara maki in an ba da kuɗi. Mahaifina da ƙyar yake biya mini, ba zan iya maimaita shekara ba. Don Allah yaya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka fara kwantar da hankalinka, domin 06 a CC bai rufe maka ƙofa ba. A yawancin makarantunmu CC yana ɗaukar kashi 30 cikin ɗari, babbar jarrabawa kashi 70. In haka tsarinku yake, 06 ɗinka ya ba ka maki 1.8, saura 8.2 ka kai 10, wato kana bukatar kusan 12 cikin 20 a jarrabawar ƙarshen zango. In darasin yana da TP, wato aikin gwaji a aikace, to rabon zai sauya, sai ka duba takardar dokar makarantarku ka yi lissafin da kanka. Sha biyu a RDM abu ne da ake samu, kuma bayanta akwai ratrapaj, wato jarrabawar da ake sake yi wa waɗanda suka faɗi.

Game da malamin, kokenka yana da tushe. Cusa darasin zango guda cikin kwana goma ba koyarwa ce mai kyau ba, ko wane ne malamin. RDM yana son a ji darasi yau, a kwana a kansa, a yi atisaye, a kuskure, a dawo da tambaya mako mai zuwa. Ƙarancin malamai na dindindin a wasu fannoni ne ya sa makarantu suke ɗauko malami daga nesa, shi kuma yana da nasa ɗaliban da ke jiransa, sai ya sauke nauyin ya kama hanya. Laifin na masu tsara jadawali ne, kuma abin takaici ne a ce kowace shekara ana ganin sakamakon ana ci gaba da yin haka. Amma da ya ce ku koma statik, gaskiya ya gaya muku, ko da bai faɗa da taushi ba. Mafi yawan waɗanda RDM ke kayarwa, tun a martanin madogara, wato lissafin nauyin da kowace madogara ke ɗauka, suke faɗuwa, kafin ma a zo inda RDM ya fara.

Yanzu maganar faks, wadda ita ce ta fi damuna a wasiƙarka. Babu zangon da ba a jin wannan magana a bakin ɗalibai, a Marwa ne ko a Ngaundere: wai malam wane tambayoyinsa ba sa canzawa, haddace ka wuce. Masu yaɗa ta kashi biyu ne. Akwai masu sayar da kwafin, waɗanda abincinsu ke nan, akwai kuma waɗanda suka faɗi suna neman wanda za su ɗora wa. Ka tambayi kanka, wa ya rubuta amsoshin da ke cikin faks ɗin? Sau da yawa ɗalibi ne irinka, babu malamin da ya duba, an kwafa daga hannu zuwa hannu, an ɗauki hoto an tura ta WhatsApp, alamar ɗebewa ta ɓace a hanya, 8 ya koma 3. Kuskuren wani za ka haddace da kuɗin mahaifinka.

Ko da amsoshin daidai ne, dubi abin da ke faruwa. Ɗauki putur, wato dogon kankare ko ƙarfe da ke kwance yana ɗaukar nauyin gini, mai tsawon mita 4, zaune a kan madogara biyu a bakinsa biyu, da lodi shimfiɗaɗɗe na kN 10 a kowace mita (kN ma'aunin ƙarfi ne). Kowace madogara tana ɗaukar kN 20, moman (ƙarfin da ke lanƙwasa putur) mafi girma yana tsakiya, qL²/8, inda q shi ne lodin kowace mita, L kuma tsawon putur, wato kN.m 20. Wannan shi ne abin da ke cikin faks. Ranar jarrabawa malam bai canza tsawo ba, bai canza lodi ba, madogarar dama kawai ya matso da ita ciki da mita ɗaya. Zanen yana kama da na bara, har ka ji daɗi. Amma yanzu madogarar hagu tana ɗaukar kN 13.3, ta dama 26.7. Moman mafi girma ya bar tsakiya, ya koma mita 1.33 daga hagu, kuma ya sauko zuwa kN.m 8.9. Sannan wani sabon abu ya bayyana: a kan madogarar dama akwai moman na kN.m 5 mai juyayyar alama, wanda ke jan saman putur maimakon ƙasansa. Mai hadda zai rubuta qL²/8, in ya sa 4 ya samu 20, in ya sa 3 ya samu 11.25, duka biyun ba daidai ba, kuma moman na kan madogara ko a mafarki bai gan shi ba. Tun da martanin madogara ya karkace, zanen ƙarfin yanka ya karkace, na moman ya bi shi, kontrent (matsi ko ja da ke cikin jikin putur) da lotsawa duk sun tafi. Sai ya fito da 04 ya ce malam mugu ne. Malam madogara ɗaya ya matsar. Tela ne ya haddace awon mutum ɗaya yana ɗinka wa duk wanda ya shigo shago.

Da a takarda abin zai tsaya, da ban tsawaita ba. Ka ɗauki wannan putur ɗin dai, mita 4, lodi iri ɗaya, ka kafe shi a bango ta gefe guda ka bar ɗayan a sarari, wato konsol. Moman ya zama qL²/2, kN.m 80, ninki huɗu na farko, yana gindin bango, kuma ja yana sama. Kankare na yau da kullum yana jure dannewa har wajen MPa 25 (MPa ma'aunin kontrent ne), amma ja bai wuce kusan MPa 2.1 ba a lissafin BAEL, wato ƙa'idojin Faransa na lissafin kankare mai rodi. Shi ya sa rodi ke zama inda ja yake. A putur mai madogara biyu rodi na ƙasa, a baranda mai fitowa rodi na sama. Injiniyan da ya haddace "rodi a ƙasa" zai zana baranda da rodi a ƙasa, ko kuma ya tsaya yana kallo lebura suna tattake rodin sama ranar zuba kankare har ya kwanta a kan katako, bai san akwai matsala ba. Ranar da aka cire tokara, ko ranar da mata suka taru a kai suna kallon biki, ranar ce barandar za ta karye daga gindi, ba tare da ta yi gargaɗi ba. Duk wanda ya ga hotunan benen da ya rufta a Duwala a watan Yuli na 2023, da gomman rayukan da suka salwanta, ya san gini in ya faɗo ba ya tambayar makin da injiniyansa ya samu. Wanda zai sa hannu a kan zanen gida amanar rayuka ya ɗauka, kuma za a tambaye shi. Malamin da ya ƙi ba wa mai hadda 10 bai zalunce shi ba, mutanen da za su kwana a ƙarƙashin dal ɗinsa, wato rufin kankaren da zai zana, ya kare.

Wanda ya ce maka yana gyara maki kuwa, ka rabu da shi. Ko dai ɗan damfara ne da zai karɓi kuɗinka ya jira sakamako, in ka ci ya ce aikinsa ne, in ka faɗi ya ce an tsananta bana, ko kuma da gaske yake, ka shiga laifin da zai kai ka gaban kwamitin ladabtarwa. Haka masu haɗiyar tramol ko wasu ƙwayoyi don su kwana suna karatu: ido a buɗe, kai a toshe, ranar jarrabawa hannu yana rawa.

To me za ka yi da makonnin da suka rage? Mako na farko kada ka taɓa RDM. Koma statik kamar yadda aka ce. Ware putur daga madogaransa, ka zana duk ƙarfin da ke kansa, ka rubuta ma'auni ukun nan: jimlar ƙarfi a kwance sifili, a tsaye sifili, jimlar moman sifili. Ka yi wa putur ashirin ko talatin haka, iri daban-daban, martani kawai, har hannunka ya saba. Lodi shimfiɗaɗɗe ka maye shi da dunƙulensa a tsakiya, mai siffar kusurwa uku kuma dunƙulensa qL/2 ne, yana kashi ɗaya cikin uku na tsawon daga ɓangaren mai nauyi. A nan mutane da yawa suke tuntuɓe. Kada ka wuce gaba sai ka haɗa martanin ka ga ya yi daidai da jimlar lodi. Binciken daƙiƙa goma ne, yana ceton rabin maki.

Daga nan sai yanka. Duk inda lodi ya sauya ko aka ci karo da madogara, sabon yanki ne, ka yanka ka rubuta T (ƙarfin yanka) da M (moman) nasa. Zaɓi tsarin alama ɗaya, wanda malaminku yake amfani da shi, ka rubuta shi a saman takarda, domin littattafai sun saɓa a kan wannan, kuma wanda ya gauraya biyu ya ɓata. Zanen da kansa yana tona kuskure. A bakin putur mai madogara sassauƙa moman sifili ne, in ba a ɗora wani moman a wurin ba. Inda T ya ratsa sifili nan M ya kai ƙololuwa. Ƙarƙashin lodi shimfiɗaɗɗe T miƙaƙƙen layi ne mai gangara, M kuma baka. In ka ga naka ya saɓa wa wannan, koma baya.

Sai ma'auni, inda ake asarar maki a banza. MPa ɗaya shi ne N ɗaya a kan mm² ɗaya, don haka ka mayar da komai N da mm kafin ka taɓa kalkuleta. kN.m ɗaya N.mm miliyan ɗaya ne, ba dubu ba. Gwada da putur mai faɗin santimita 20 da tsayi 40 a ƙarƙashin moman kN.m 20: bh²/6 (b faɗi, h tsayi) ya ba ka mm³ miliyan 5.33, kontrent MPa 3.75. In ka samu 3750 ko 0.00375, hankalinka ya gaya maka sifilai sun gudu. Kwantar da putur ɗin a kan faɗinsa, kontrent ya ninka biyu, lotsawa ta ninka huɗu, saboda tsayi yana da iko uku a bh³/12. Ninka tsawon putur sau biyu da lodi iri ɗaya a kowace mita, moman ya ninka huɗu, lotsawa sha shida. Waɗannan ka riƙe su a ka, su ne za su bi ka har wurin aiki.

Tsofaffin jarrabawar ba haram ba ne, yadda ake amfani da su ne matsala. Ka ajiye su sai makonni biyu na ƙarshe. Rufe amsar, ka sa agogo, ka yi da kanka cikin lokacin da aka bayar. In ka gama, ka canza abu ɗaya, matsar da madogara ko mayar da lodi shimfiɗaɗɗe na wuri guda, ka sake yi. Ku haɗu ku uku ko huɗu, kada ku wuce haka, kowa ya hau allo. Ku yi wa juna bayani da Hausa ko Fulatanci in Faransancin yana tsaya muku a wuya. In za ka iya fahimtar da magini dalilin da ya sa rodin baranda yake sama, ka gane darasin.

A ɗakin jarrabawa maki yana bin matakai ne. Zanen putur da ƙarfinsa, ma'aunin da ka rubuta, tsarin alama, duk suna da rabonsu ko da lambar ƙarshe ta kuskure. Kada ka miƙa amsa tsirara ba hanyar da ka bi.

Batun yadda ake koyarwar kuma, ku bi ta hannun delege, wato wakilin ajinku, a rubuce, zuwa ga shugaban sashe. Kada ku rubuta cewa malam mugu ne, ba wanda zai saurare ku. Ku nemi abubuwa uku da za a iya yi: a ba ku takardun TD, wato na atisaye, kafin malam ya iso, a sa wani mataimaki ya yi muku zaman atisaye bayan ya tafi, a kuma manna gyaran CC tare da rabon maki. In kuma kana ganin an yi kuskure a makinka, ko sunanka ya fito ba maki, ka shigar da takardar koke cikin wa'adin da aka sanar, wanda yawanci 'yan kwanaki ne kawai bayan manna sakamako. Haɗa kwafin rasit ɗin kuɗin makaranta da lambarka ta ɗalibi, ka rubuta sunan darasin da lambarsa daidai, ka riƙe kwafi ɗaya a hannunka, kuma ka nemi a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata, domin takardu suna ɓata a ofisoshin nan.