Garin gina jiki zai iya sa a kama ni a gwajin ƙwayoyi?

Tambaya: Likita, ni ɗan tsere ne, mita 400 nake gudu. Wata uku ke nan ina shan garin furotin da wasu ƙwayoyin ƙara ƙarfi da na saya a wurin motsa jiki. Na duba jikin robar tsaf, ban ga sunan wani haramtaccen sinadari ba. Amma kocinmu ya ce in daina, wai za a iya kama ni a gwaji. Ta yaya abin da ba a rubuta ba zai kama ni?

Amsa: Ƙanena, kocinka ya yi gaskiya. Masu gwaji fitsarinka suke dubawa, babu ruwansu da rubutun jikin roba. Kuma a ƙa'idar WADA, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, duk abin da aka samu a jikinka kai ke da alhakinsa, ko ka sani ko ba ka sani ba.

Wannan matsala ta daɗe. Tsakanin 2000 da 2001, ɗakin gwaji na birnin Kolon a Jamus ya sayo irin waɗannan kayayyaki 634 daga ƙasashe 13 ya bincika. Guda 94, kusan kashi 15 cikin ɗari, suna ɗauke da sinadaran da jiki ke mayarwa sitiroyid, wato haramtaccen sinadarin gina tsoka, alhali ba a rubuta ba. Ta hanya biyu abin ke faruwa. Wani lokaci sakaci ne: injin da ya niƙa wani abu jiya, shi zai haɗa bitamin yau ba a wanke shi sosai ba, kamar ka kai niƙan gero bayan an niƙa barkono. Wani lokacin kuma da gangan ake zubawa, don mai saye ya ga damtse ya tashi cikin mako uku ya dawo da abokansa. A Amurka, inda ake yin da yawa daga cikin waɗannan kayan, dokar 1994 ba ta tilasta wa kamfani neman amincewar hukumar magunguna kafin ya kai su kasuwa ba.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne ƙanƙantar abin da ake nema. Ga nandurolon, wani nau'in sitiroyid, nanogiram kaɗan na ɓurɓushinsa a mililita ɗaya ta fitsari sun isa a tuhume ka. Nanogiram kuwa shi ne ka raba giram ɗaya gida biliyan. Wato ɗan abin da bai isa ya ƙara maka ko tsoka ɗaya ba, ya isa ya raba ka da fili. Haka ta faru da Kicker Vencill, ɗan ninƙaya a Amurka, a 2003. Bitamin ya sha, aka samu ɓurɓushin nandurolon a fitsarinsa, aka dakatar da shi shekara biyu. A 2005 kotu ta ba shi gaskiya a kan kamfanin, da diyyar fiye da dala dubu 500, amma gasar Olamfik ta 2004 ta riga ta wuce shi.

Hukuncin sitiroyid shekara huɗu ne. Ana iya sassautawa zuwa shekara biyu ko ƙasa, har ma gargaɗi kawai, idan ka tabbatar gurɓataccen kaya ne sanadi kuma ba ka yi sakaci mai yawa ba. To amma kai ne za ka kawo hujja, da kuɗin gwaji da na lauya. Ko Paul Pogba, da duk dukiyarsa, sai da ya je kotun wasanni kafin a rage masa shekara huɗu zuwa wata 18 a 2024, kan wani ƙarin abinci da likita ya ba shi.

Saboda haka ka daina yau, kada ka jira jajibirin gasa, domin wasu sinadaran kwana kaɗan suke yi a jiki, wasu kuma sai makonni ko watanni. Kada ka yar da robar. Ka rufe ta ka adana, ka ɗauki hoton lambar rukunin (batch number) da ke ƙasanta da rasit idan akwai, ka nuna wa likitan tawagarku. Ranar gwaji kuma, ka rubuta duk abin da ka sha cikin kwana bakwai a takardar da za a ba ka.

Idan dole sai ka saya nan gaba, nemi mai tambarin Informed Sport ko NSF Certified for Sport, masu gwada irin waɗannan kayan don 'yan wasa, sannan ka duba lambar rukunin a shafinsu, don tambari ma ana buga na jabu. Lambar NAFDAC rajista ce, ba shaidar cewa an tace kayan da jerin haramtattun sinadaran WADA ba. Ka kuma guji ƙwayoyin ƙiba na "sha ka fashe" da haɗe-haɗen da ake sayarwa a ƙulli ba suna. Sau da yawa akwai dezametazon a ciki, shi ma haramun ne a sha lokacin gasa. Ni dai in ka bi ta tawa, furotin ɗin da mai gudun mita 400 ke buƙata yana cikin ƙwai, wake, kifi da kindirmo.