Amsa: Injin wanki na LG yana nuna OE

Wa'alaikumus salam Hajiya. Kin ce injinki mai ƙofa a gaba yana tsayawa da ruwa a ciki, ya rubuta OE. Ma'anarsa ruwa ya ƙi fita, kuma galibi toshewa ce, ba lalacewa ba, don haka kada ki yi saurin kiran mai gyara.

Fara da zare filogi. A ƙasa ta gaba akwai ƙaramin murfi. Buɗe shi za ki ga siririn tiyo da wani marfi mai juyawa. Tara faranti mai faɗi, ki cire toshiyar tiyon har ruwan ya tsiyaye, sannan ki murɗe marfin hagu. Matacin ke nan. Fil ɗin hijabi, maɓalli, robar kitso da zare duk nan suke taruwa. Ki wanke shi, ki zura yatsa cikin ramin ki juya farfelar famfon da ke fitar da ruwa. Idan ta cije, akwai abin da ya maƙale mata.

Duba tiyon baya ma: kada ya lanƙwashe, kada bakinsa ya haura mita 1 daga ƙasa.

Bayan nan ki mayar da matacin da toshiyar tiyon, ki jona filogi, ki sa injin a Spin (wato matse kaya) ki saurara. Gurnani ba fitar ruwa, ko dai farfelar ta karye ko wuta ta yi rauni, wanda ba baƙon abu ba ne a Kaduna. Shiru kuwa, famfon ya ƙone ko wayarsa ta cire. A nan sai mai gyara ya auna da mitar gwada wuta. In za a sayo wani famfon a kasuwar Panteka, a tafi da tsohon don a gwada kai da kai.