A Zango, Tambayar Farko Ita Ce: Wa Ya Sauke Ka?

Ɗan'uwa, ka tambaye ni yadda mutum yake samun mutunci a zangon Kumasi ta ƙasar Ghana, alhali ba mu da gandu, ƙasar kuma ta Asante ce. Na gane inda ka dosa. A Kano in baƙo ya zo neman aure ko bashi, sai a ce ɗan gidan wa ne? Asalinsa ya riga shi isowa. Mu a nan abin da ake fara tambaya shi ne, wa ya sauke ka?

Abin ya samo tushe daga fataucin goro. Kakanninmu sun yi ta zuwa garin Salaga, a arewacin Ghana ta yau, da kanwa da tufafi suna komawa da goro, da kasuwar ta mutu bayan yaƙin basasar 1892 sai da yawansu suka watsu kudu. Falke ya iso garin da bai san kowa ba, bai ji yaren ba, to sai ya sauka gidan maigida. Shi zai ba shi ɗaki da tuwo, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa in an ba da kaya bashi. Wanda ya ci bashin ya gudu, maigida ne zai biya. Kakana da haka ya yi suna a unguwar Aboabo ta nan Kumasi, bai mallaki huhun goro ko ɗaya ba. Na taso na iske zaurensa da tabarmi a naɗe jingine da bango, da butoci jere, don ba a san daren da baƙo zai ƙwanƙwasa ba.

Har yau haka muke. Yaro ya sauko daga mota, ko daga Sakkwato ko daga Maraɗi, wani zai kai shi gaban Sarkin Zango ko limamin unguwa. Daga nan ana kallonsa: yana zuwa jana'iza? An gan shi wajen suna? Ya zuba adashensa, wanda a nan ake kira susu, ran da ya ce? Shekara biyu ta ishe shi a ba shi kaya a kasuwar Kejetia ba takarda. Kuma kada ka ɗauka duk Hausawa ne. Akwai Mosi, Dagomba, Zabarmawa, Wangarawa, Fulani; harshen Hausa da sahun salla ne suka haɗa mu. Wannan ne abin da na fi so game da zango, don ɗan talaka yana iya gina abin da bai gada ba.

Maƙwabtanmu Asante nasu lissafin daban ne. Dangin mutum na wajen uwa ne, suna ce masa abusua, a al'adance ma ɗan 'yar'uwa ke gadon kawunsa. Jama'ar mutum kuwa ran makoki ake ganinta. Ranar Asabar za ka ga rumfuna, kowa da baƙi ko jan zane, ga tebur da littafi. Ka ba da gudummawa a rubuta, a ba ka rasit, a faɗi sunanka da adadin a lasifika. Da ƙuruciya abin ya dame ni, mu da aka koya wa ba da sadaka a ɓoye. Daga baya na fahimci littafin nan shi ne ajiyarsu, ranar taka za a buɗe shi. Yanzu ba na fashin zuwa, ina zama in gaisa, in ba da nawa.

Amma jama'a tana da inda ta tsaya. A Nuwamban 1969 gwamnatin Firayim Minista Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar Ghana. Mutanen da rabin gari ya san su suka hau manyan motoci da ƙunshin kaya, sunan maigida bai tsare su ba. Ƙanen kakana yana ciki. Makullin shagonsa ya bar wa wata Ba'asantiya da suka yi shekaru suna cinikin goro, ita ta riƙe har ɗansa ya dawo.

Shi ya sa in ka turo mini yaron da ka ce, ɗakinsa yana nan, zan kuma kai shi a san shi. Sai dai ya zo da fasfonsa a hannu.