Amsa: Neman hirar iyayen masu sikila a Google

'Yar'uwa, kin ce in kika nemi inda iyayen yara masu sikila ke tattaunawa, tallan magani kawai ke fito miki. Gwada rubuta haka: site:nairaland.com "sickle cell". Wannan site: ɗin yana tsare Google a shafi guda (a nan Nairaland, wani dandalin tattaunawa na 'yan Najeriya), alamar zance kuma tana sa ya kawo kalmomin a jere yadda kika rubuta su. Ki sake gwadawa da site:reddit.com, can ma akwai zauren masu sikila. In 'yan talla sun dame ki, ƙara -buy, alamar ragewar manne da kalmar, ba fili, sai Google ya cire shafukan da ke da kalmar buy (wato saya). Amma duk abin da kika gani game da hydroxyurea, wani magani da ake ba masu sikila, don Allah ki fara kai wa likitan yaron. Allah ya ba shi lafiya.