Amsa: Shirin jarrabawar GMAT ga mai aikin ofis

Malam, ka ce kana fita aiki da safe ka dawo bayan Magariba, kana tambaya ko za ka iya shirya wa GMAT, jarrabawar neman shiga digiri na biyu a fannin kasuwanci, ba tare da ka ajiye aikin ba. Za ka iya, amma karatun dare kada ka dogara da shi. Wanda ya wuni a ofis, bayan Isha'i kansa ba ya ɗaukar lissafi. Bayan sallar Asuba ka ba shi awa ɗaya kullum, Asabar kuma ka zauna masa sosai.

Kafin ka sayi littafi, yi rajista a mba.com, shafin masu shirya jarrabawar, ka gwada jarrabawar gwaji ta kyauta, ka ga inda kake da rauni. Tsarin yanzu sassa uku ne, kowanne minti 45: lissafi tambaya 21, fahimtar rubutun Turanci 23, nazarin bayanai 20. Maki daga 205 zuwa 805 yake. A sashen lissafi ba a yarda da kalkuleta ba, don haka ka koma yin lissafi da biro tun yau. Ni a ganina nazarin bayanai ne ke kayar da mutane, domin tebur da jadawali suna cinye lokaci, ga agogo yana gudu. Ka kuma kula da tsofaffin littattafan da abokai za su ba ka aro, yawancinsu na tsohon tsari ne mai rubutun insha'i, wanda an cire.

Sakamakon yana aiki har shekara 5, saboda haka ba sai ka matsa wa kanka ba. Wata uku zuwa huɗu ya wadatar. Amma fara duba makarantar da kake nema, wasu suna karɓar GRE ma, wata jarrabawar neman shiga digiri na biyu.